Sakamakon da Na Yi Ta Zubarwa

Litinin, 3 ga Maris
Yau ma haka. Sel ɗin, wato ƙwayoyin halittar da nake raino a farantai a ɗakin bincike, da na sa wa risefta, makarɓar homon ɗin maƙogwaro, ban ba su sinadarin homon ɗin ba, amma aikin ƙwayar gadon da nake aunawa ya faɗi ƙasa da na sel ɗin da ba su da risefta sam. Ta yaya? Risefta in babu homon ai zaman kashe wando yake yi. Na zubar da farantan, lambobin awon ma na goge. Farfesa ya ce in wata ya ƙare ban kawo sakamako ba, sai baɗi zan kare digirina.

Alhamis, 6 ga Maris
Na zargi gawayin da muke tace abincin sel da shi don cire homon. Na zargi firij. Na zargi Dogo, maƙwabcina a benci, cewa yana taɓa min kaya. Ya ce shi ko nasa aikin ya ishe shi. Na ji haushi don gaskiya ya faɗa.

Talata, 11 ga Maris
Ƙasa kuma. Shara. Wallahi na gaji.

Asabar, 15 ga Maris
Mama ta kira, wai ta sanar da dangi bana zan gama. Na ce to.

Laraba, 19 ga Maris
Ina wanke kwalabe abin ya faɗo min: kuskure ba ya maimaita kansa daidai wa daida haka. Na koma na karanta. Ashe in babu homon, risefta yana nan maƙale da DNA, zaren da ƙwayar gadon take kai, ya kirawo wasu sunadarai su taya shi danniya, su ƙudundune wurin tamau yadda ba za a iya karanta shi ba. Homon ne ke korarsu. Na ɗiga maganin da ke hana su aiki a faranti guda.

Juma'a, 21 ga Maris
Aikin ƙwayar gadon ya tashi! Kai, ni dai sakarya ce.

Litinin, 31 ga Maris
Farfesa ya daɗe yana kallon takardar sakamakon. Ya ce, "Wannan shi ne digirinki. Ina sauran da kika maimaita?"
Na ce suna shara.
Bai yi faɗa ba, gara ma ya yi. Faranti ɗaya ba hujja ba ce. Baɗi ke nan.
Ban kira Mama ba tukuna. Har yanzu na tsani aikin nan. Sai dai kafin in tashi na shuka sel a sababbin farantai, kuma gobe da sassafe zan zo in duba su, ba don wani ya sa ni ba.