Takalmin Yaya a Kan Tebur

Inna,

Ina gaishe ki da Baba. Ya jikin Kaka?

Ban taɓa faɗa miki ba: duk ranar da Yaya ta sauko daga aikinta na hidimar fasinjoji a jirgin sama, sai na gasa mata ƙafa, saboda takalmin aikinsu mai tsini. Kada ki damu, kumburi ne kawai.

Jiya ƙungiyarsu ta ma'aikatan jirgi ta kai kuka wurin manyan kamfani. Inna, Yaya ta cire takalmin ta ɗora a teburinsu! Ta ce wa babbansu, "Ranka ya daɗe, saka ka raba shayi mu gani." Na ɗauka korarta za a yi, sai ga ta ta dawo gida tana rawa. An yarda su sa mara tsini!

Ni ma gobe zan ce mata makaranta nake so, ba wanke-wanke kaɗai ba. Ki yi mini addu'a kada muryata ta maƙale.

'Yarki