Tarwaɗar Baba Modu

Daren Laraba, Haɗeja

Barci ya ƙi zuwa. Duk sabon gilashin kyamarar nan mai ɗaukar faɗi ne ya jawo, abin da ka matsa kusa da shi sai ya kumbura. Jiya a kasuwar kifi na durƙusa dab da wata tarwaɗa a tiren Baba Modu, na ɗauke ta hoto. Ta fito ƙatuwa kamar kwalekwale, shi kuma ga shi can baya ɗan mitsitsi. Na ɗora a intanet, ana ta yabo, ina ta jin daɗi.

Yau ko gaisuwata bai amsa ba. "Ɗan nan, tun safe ake zuwa neman kifin hotonka. Wai manyan nake ɓoye wa masu kuɗi."

Na ce zan goge.

Ya ce, "Har daga bakin mutane?"