Gadon da Baba ya ƙera

Litinin, 5 ga Mayu 2025

Darasin Ingilishi yau: jerin kalmomin da ke bayyana suna, da waɗanda ke bayyana aiki. Na rubuta misali a allo, yarinyar da ke kan gado tana barci, na ce su ja wa jerin da ke bayyana suna layi. Rabin aji sun ja wa barcin. Jarrabawa saura wata guda, Allah Ya kyauta.

Alhamis, 8 ga Mayu

Esther, malamar lissafi, ta ce masu na'urar awo sun shigo garinmu, Akokan, gida-gida suke bi. Duk ƙarfen da ya fito daga ramin uraniyom, na'urar kuka take yi a kansa, wai alamar akwai guba a jikinsa ke nan. Har tukunyar maƙwabciyarta sun ɗauke, wai shekara goma ana tuwo a ciki. Na yi dariya, ban san me ya ba ni dariya ba.

Gadon da Mina, 'yata, take kwana a kai, da bututun rami Baba ya ƙera shi lokacin yana aiki can. Kyautar aurena ce.

Asabar, 10 ga Mayu

Mina ta sake haɓo. Zafi ne, kowa yana yi.

Talata, 13 ga Mayu

Sun zo layinmu. Baba ya tare ƙofa, yana tari yana korarsu. Sai ya juyo gare ni. “Siddiƙa, shekara ashirin da shida na yi cikin ramin nan. Da hannuna na wanke bututun, sau uku, da sabulu.” Ta yaya zan ce wa mahaifina a gaban baƙi sabulu bai isa ba? Mai na'urar bai yi gardama ba, lambar gidanmu kawai ya rubuta. Tsoro nake ji, gaskiya.

Alhamis, 15 ga Mayu

Bita. Misalin yana nan a allo, ba wanda ya goge. Wata ɗaliba ta tambaya, “Madam, wace yarinya ce?” Na ce misali ne kawai, ta zauna.

Litinin, 19 ga Mayu

Kwana huɗu ke nan Mina tana kwana a tsakar gida. Na ce wa Baba saboda zafi ne. Ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakin, sannan ya ce, “Eh, zafin bana ya yi yawa.” Ya shiga ya ɗauko tabarmarsa ta kaba, ya miƙo mini.

A aji na goge gadon, na rubuta tabarma. Ba wanda ya lura.