Gaisuwa Daga Ɗakin Guga

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Ya tarin Inna? Ni lafiya lau, tsayuwa ce kawai ke kumbura mini ƙafa.

Kin tuna shirin gaishe-gaishen da muke ji kina mini kitso, yadda Sarkin Dariya ke jan sunan kowa kafin ya sa waƙa? Nan an hana mu rediyo, sai na zama shi: ina guga, ina gaishe ku da muryarsa. Shugabarmu ta ce in na ƙara, in nemi wani aikin.

Jiya na ƙara. Da ita ma na fara, har na zaɓa mata waƙa.

Ki kai wa Sarkin Dariya katin gaisuwa, ki ce ya ja sunana sosai. Har nan zan ji.

Allah Ya haɗa fuskokinmu.

Ƙanwarki