Madallar da Aka Yi Maka a Zauren Baba

Assalamu alaikum, Sagir ƙanena.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya zafin Lokoja, ya baƙunta? Baba da Inna suna nan ƙalau, an gama shuka, suna gaishe ka. Na rubuto maka a nan inda kowa zai gani ne saboda ka daina ɗaga wayata tun ranar da na fara gaya maka gaskiya. Tunda a intanet kake kwana kake tashi, to ga ni na biyo ka har gida.

Ka ce wurin aikinku sun ba ka tsara darussa a intanet kan yadda jiragen ruwa ke dakon kaya a kogi, don malaman ƙaramar sakandare irina. Ka ce ƙarshen watan nan za ka tsaya gaban manyanka ka shaida musu cewa malaman Gwarzo da Kabo sun gani sun amince. Wannan maganar ce ta hana ni sakat. Ba su amince ba, kuma kai kaɗai ne ba ka sani ba.

Bari in tuna maka yadda aka yi. Da ka zo hutun Babbar Sallah, ka tara malamai a zauren Baba. Zauren dagaci fa. Kowa ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya kwashi gaisuwa, aka ci shinkafa da naman layya, sannan ka buɗe kwamfuta ka ce su faɗi abin da bai yi ba, Baba yana zaune yana ta murmushi. Haba Sagir, a garin nan aka binne cibiyarka. Wa ka taɓa gani ya ci naman dagaci, ya share baki, ya kushe aikin ɗansa a gabansa? Suka ce madalla, Allah ya ƙara basira. Ko jaki ka nuna musu ka ce jirgi ne, madallar za su yi maka.

Mu malamai mata kuwa ko gayyata ba mu samu ba. Ni da nake koyar da darasin nan a Dugabau, aikina ranar miƙo faranti ne.

Ka tuna Malam Tukur na makarantar Kutama, wanda ya fi kowa gyaɗa kai? Mun haɗu a Gwarzo kwanan baya. Ya ja ni gefe yana tambaya ko na san yadda ake buɗe abin, don shi ko sau ɗaya bai taɓa buɗe masa ba. Sannan ya haɗa ni da Allah kada maganar ta kai gidanmu. Malam, ka yafe ni.

Ni na gwada, don kada ka ce da ka nake magana. A makarantarmu sai ka je bakin ƙofa ka ɗaga waya sama kafin sabis ya kama. Bidiyonka ya yi ta juyi, har aka kaɗa ƙararrawa bai fito ba. Da na shiga Kabo na sauke shi, na dawo na tsaya gaban aji cike maƙil da waya mai faɗin tafin hannu. Wata murya tana ta zuba Turanci ta hanci kan yashe kogi da nauyin kaya. Na gaba suka ga wani abu mai faɗi yana tafiya a kan ruwa, suka ɗauka gada ce ta ɓalle. Na baya ba su ga komai ba. Yaran da iyakar ruwan da suka sani shi ne dam da kwalekwalen masunta, su ka fara wa da tashar jirage.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da ka tambaye mu a inda za mu iya magana, da mun ce ka ba mu shafi guda da za mu kwafa a allo, da zanen jirgin da ko ni mai karkataccen hannu zan iya yi da alli. Ka fara da abin da yara suka sani: buhun masara ya hau amalanke, ya koma tirela, sannan ya isa bakin kogi. In dole sai an ji murya, a yi ta gajera da Hausa, wadda malami zai tura wa ɗan'uwansa ba sai da data ba. Kuma abin ya ƙare kafin a kaɗa mana ƙararrawa, don malamin lissafi ba ya ɗaga ƙafa.

Na san don son gida ka sa sunan yankinmu a gaba. Ni na goya ka, na san zuciyarka, na kuma san taurin kanka. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Tsorona shi ne a raba wa makarantu abin nan, ya kwanta ba mai buɗewa, a ce ai yaron nan ne ya yi, alhali ba wanda ya fi ka wahala a kansa.

Ka ɗaga zaman nan da manyanka. Ka zo ajina ka zauna a bencin baya, ba kwamfuta, ba abinci, ka ga darasi ɗaya da idonka.

Ranar da na nuna bidiyon, wata ɗaliba ta tambaye ni wa ya yi shi. Na ce wasu mutane ne can kudu. Sagir, tun da aka haife ka ban taɓa ɓoye cewa kai nawa ne ba sai ranar, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Allah ya tsare ka a bakin ruwan nan, ya yi wa aikinka albarka, ya sassauta maka zuciya. Allah ya nuna mini ranar da za a sake yi mini tambayar, in buɗe baki in faɗi sunanka.

Yayarka mai jiran ka,
Hadiza