Na Cire Farantin Birki, Aka Zagi Bakanike

Malam Hamman, assalamu alaikum. Don Allah ka taimake ni da shawara. Sati uku ke nan ina ɗauke da wani abu a raina, na rasa wanda zan faɗa wa.

Ni ɗan Magarya ne, ina gyaran wayar salula a bakin kasuwa. Yayana mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, an tura shi koyarwa wani ƙauye ta wajen Dungas, sai ya bar min motarsa don in riƙa kai Inna likita saboda hawan jini. Kafin ya tafi ya kai ta garejin Sadisu, bakaniken da ya daɗe yana yi wa gidanmu aiki, aka sa mata sabbin plaket na birki, wato waɗanda ke matse faifai su tsayar da mota.

To akwai wani fili a bayan gari inda samari ke tseren motoci ran Lahadi da la'asar. Da fari kallo nake zuwa, daga baya na shiga. Na san ba daidai ba ne, amma in ka ji ana kiran sunanka ana tafi, hankali gushewa yake. Matsalar ita ce in na yi zagaye huɗu ko biyar sai birki ya yi laushi, ƙauri ya tashi daga ƙafafun gaba. Abokina Mansur ya ce faifan birkin ne ke ɗaukar zafi, wai wani siririn farantin ƙarfe da ke bayansa shi ke tare iska, kuma ya gani a waya masu tsere cire shi suke yi. Da hannuna na kwance guda biyun, na tura ƙarƙashin gado.

Da damina ta faɗi Yaya ya zo hutu, ya ɗauki Inna za su Waca gaisuwar rasuwa. An yi ruwa, suka ratsa taɓo, suna fita sai ga amalanken jaki a gabansu. Ya taka birki, mota ta ƙi tsayawa, ta ja gefe ta bugi amalanken. Jakin ya karye, Inna ta fasa goshi, sai da aka yi mata ɗinki.

Washegari Yaya ya ja ni muka tafi gareji da motar. A gaban mutane ya kira Sadisu maha'inci, ya ce jabun kaya ya sa masa. Sadisu ya durƙusa ya leƙa bayan taya, ya daɗe, ya miƙe ya dube ni. Abin da ya ce kawai shi ne Allah ya kyauta. Malam, ya gane. Ni kuwa na sunkuyar da kai kamar ban san komai ba.

Yanzu na ji direbobin tasha biyu sun janye motocinsu daga wajensa. Kuma har yau in mun haɗu a masallaci shi ke fara miƙo min hannu. Inna kullum sa min albarka take, wai ni ne mai kai ta likita. In na faɗi gaskiya Yaya ba zai ƙara yarda da ni ba. Shin farantin nan ne ma ya jawo haɗarin, ko dai tsautsayi ne? Yaya zan yi?

Mai jin kunya, Magarya

Wa'alaikumus salam, ɗana.

Bari in fara da ƙarfe, shi ya fi sauƙi. Mansur bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Masu tsere a kan kwalta sukan cire farantin, wasu su jawo bututun iska zuwa faifan. Amma motocinsu na tsere ne kawai, kuma ana duba su bayan kowace fita. A hanyoyinmu na yashi da taɓo, farantin shi ke rage laka da tsakuwar da ke shiga birki, shi ke kuma kare robobin da ke kusa daga zafin faifan. Ban ga motar ba, don haka ba zan rantse cewa shi kaɗai ya jawo haɗarin ba. Sai dai ƙaurin da ka riƙa ji plaket ne ke ƙonewa, laushin kuma man birki ne ke tafasa. Ko da farantin ko babu shi, birkin da ka miƙa wa yayanka ba wanda Sadisu ya gyara ba ne. Kada kowa ya ƙara tuƙa ta sai an mai da farantan, an canza plaket da mai, an duba robobi.

Tsoronka ba na banza ba ne. Yayanka zai yi fushi, wataƙila ya karɓe makulli, kuma yana da gaskiya. Shi ma ya yi gaggawar zagin mutum ba bincike, amma shirunka ne ya ba shi dama. Kai fushin gida kake gudu, Sadisu kuwa sunan da yake ci da iyalinsa da shi ne ke zubewa.

Ka fara da yayanka, ku biyu kawai, yau ba gobe ba. Kada ka jingina laifin ga Mansur, hannunka ne ya riƙe sifana. Sannan ku je garejin da rana, lokacin da direbobi suke nan, ka faɗi abin da ka yi da bakinka, tunda a gabansu aka ci masa mutunci. Ka je wa mai jakin shi ma. Inna kuwa, ka durƙusa ka gaya mata da kanka kafin ta ji a waje. Za ta yi kuka, amma ba za ta kore ka ba.

Ranar za ta yi maka ɗaci, kuma rana ɗaya ce. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya ƙara wa Inna lafiya, ya saka wa Sadisu da alheri.

Malam Hamman