Gilashin Gaba Ya Fashe, Mota Ba Ta Sayarwa Ba Ce

Zuwa ga Yaya Issufu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zafin Agadas? Yaya iyali da jikin Hajiya? Mu nan Magariya lafiya lau, damina ta yi kyau.

Na ji saƙonka cewa in sayar da motar da Baba ya bar mana. Yaya, da girmanka, ba zan sayar ba.

Ga abin da ya faru. Ina dawowa daga Dogo-Dogo wata babbar mota ta watso tsakuwa, gilashin gaba ya tarwatse. Na ɗaura leda, sai kamashon tasharmu ya cire ni daga layin lodi, wai fasinja ba kaji ba ne. Washegari kuma ya zo har gida yana taya motar da kuɗin akuya. Na san shi ya buga maka waya.

Na fitar da riɗina buhu biyu na sayar. Gilashi jika saba'in, mai ɗorawa jika goma. Ya yi tsada, na sani, har matata Rabi ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Amma ban roƙi kowa ko dala ba.

Ranar kasuwar Dungas ni na fara lodi. Ka san wa ya zauna gidan gaba? Uwar kamashon, tana ta yabon yadda ake ganin hanya tar.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida Hajiya da yara. In ka tashi zuwa gida ka faɗa mini, da motar Baba zan ɗauko ka.

Ƙaninka,
Sale